Gigin Tsufa da Hanyoyin Rage Haɗarinsa: Misali daga Njamena

1. Gabatarwa

Ina da gwaggo a Njamena, babban birnin ƙasar Cadi, wadda ta shekara fiye da 40 tana sayar da kayan miya a kasuwa. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma ba a cutarta a lissafi, ko da dala ta Hausa aka yi cinikin ko da riyal na Larabawa. Hausa ta sha a nono, Larabcin Cadi a kasuwa ta tsince shi, kuma tana jin Barbarci daidai gwargwado. Da shekarunta suka doshi 70 sai aka fara ganin canji. Yau ta ba mai saye canjin da ya fi kuɗinsa, gobe ta ɗora tukunya ta manta har miya ta ƙone. Takan tambayi 'yarta ko an yi la'asar, a ba ta amsa, jim kaɗan ta sake tambaya. Wata rana da hantsi aka neme ta aka rasa. Sai bayan azahar wani ɗan unguwa ya gan ta a hanyar bakin kogin Shari da ƙunshin kaya a ka, wai za ta gida wurin innarta, alhali innar ta rasu tun gwaggo tana amarya.

A gida aka ce tsufa ne. Cikin maƙwabta wasu suka ce jifa ne, wasu suka ce iska ce. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Da aka kai ta asibiti daga baya, likita ya tarar jininta ya hau ƙwarai, ya kuma ce ga alama ya daɗe a haka ba wanda ya sani. Rabonta da awon jini tun da ta haifi autarta.

Wannan takarda za ta yi bayani a kan abin da ya sami gwaggo, da abin da masana suka gano game da hanyoyin rage haɗarinsa. Maganar da nake so ɗalibai su riƙe ita ce: gigin tsufa ciwo ne, kuma yawancin rigakafinsa ana yin sa ne tun mutum yana da ƙarfinsa.

2. Sunayen da muke kiran abin

Hausa tana da kalmomi da dama a nan. Akwai gigin tsufa. Kalmar gigi ita ce dai ta cikin gigin barci, wato halin da mutum yake shiga idan an tashe shi barci bai sake shi ba, bai san inda yake ba. Akwai kuma ruɗewa, kamar a ce, “Tsoho ya fara ruɗewa.” Gidajen rediyo sukan ce cutar mantuwa. Likitocin Njamena kuwa, da yake da Faransanci suke aiki, démence suke cewa.

Kowane suna yana da inda ya gaza. Idan aka ce gigin tsufa, sai mai ji ya ɗauka duk wanda ya tsufa haka zai zama, don haka babu abin yi. Ba haka ba ne, domin yawancin tsofaffi suna cikawa da hankalinsu garau. Idan kuma aka ce cutar mantuwa, sai duk wanda ya manta inda ya ajiye carbinsa ya tsorata. Mantuwa ta yau da kullum daban take. Wanda ya manta sunan baƙo, can anjima ya tuna, lafiyarsa lau. Wanda ya manta hanyar masallacin da ya shekara 30 yana salla a ciki, ko ya kasa haɗa tuwon da ya saba tuƙawa, ko halinsa ya sauya har yana zargin 'ya'yansa da sata, wannan shi ne abin dubawa. Ma'aunin shi ne ciwon yana ƙaruwa a hankali cikin watanni da shekaru, har ya hana mutum hidimar da ya saba yi wa kansa.

Suna ba ƙaramin abu ba ne. Wanda aka ce tsufa ne ke damunsa, gida za a bar shi. Wanda aka ce iska ce, wurin mai magani za a kai shi. A wasu wurare a Afirka tsohuwar da aka tsinta tana yawo da dare tana sambatu har maita ake jingina mata. Sai wanda aka ce ciwo ne ake kai wa likita.

3. Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa

A 1901 aka kawo wata mata mai shekara 51 asibitin masu taɓin hankali na birnin Frankfurt a Jamus. Ba ta iya riƙe sunan mijinta, kuma rubutu yana kakare mata a tsakiyar kalma. Likitan da ya duba ta shi ne Alois Alzheimer. Da ta rasu a 1906 ya bincika ƙwaƙwalwarta, ya ga wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyinta da wasu zare-zare da suka cukurkuɗe a cikinsu. A filin da asibitin yake a da, yanzu jami'ar birnin ce, kuma lokacin da nake karatu a can nakan ratsa wurin kusan kullum. Ciwon da ke ɗauke da sunan wannan likita shi ne ya fi yawa a cikin ire-iren gigin tsufa, wajen kashi 60 zuwa 70 cikin 100.

Iri na biyu daga jijiyoyin jini yake. Ƙwaƙwalwa kamar fadama take, tana rayuwa ne da ƙananan hanyoyin ruwa. Idan jini ya daɗe yana hawa, ƙananan jijiyoyin sai su yi tauri, su ƙuntace, wasu su toshe. Duk inda jini ya daina kaiwa, wurin ya mutu. Idan babbar jijiya ce ta toshe, sai a ga shanyewar ɓarin jiki, kowa ya sani. Idan ƙanana ne, babu wanda zai lura, sai dai ɓarnar ta yi ta taruwa. Irin wannan ne likita ya ce ya sami gwaggo. A tsofaffi da yawa iri biyun tare suke zuwa.

Har yanzu babu maganin da ke warkar da ko ɗaya daga cikinsu. Shi ya sa hankalin masana ya koma ga rigakafi.

4. Yawan masu ciwon

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ne ke da gigin tsufa a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali. Duk shekara ana samun kusan miliyan 10 sababbi.

Wani zai ce wannan ba damuwar Cadi ba ce, tun da matsakaicin tsawon rai a ƙasar bai kai shekara 60 ba. Amma mutuwar ƙananan yara ce ta fi jawo wannan adadi ƙasa. Wanda ya tsallake ƙuruciya ya kai 60, yakan ƙara shekaru masu yawa a kai, kuma yawan irin waɗannan mutane ƙaruwa yake yi.

An yi bincike a kusa da mu. A 2008 da 2009 masana sun duba mutanen da suka kai shekara 65 a Bangi, babban birnin Afirka ta Tsakiya, maƙwabciyar Cadi ta kudu, suka sami kimanin kashi 8 cikin 100 da ciwon. A Zariya likitoci sun duba tsofaffi 322 a gidajensu, suka sami kusan kashi 3 cikin 100, aka buga sakamakon a 2011. Binciken da ya fi ba da darasi shi ne wanda aka fara a 1992, aka kwatanta Yarbawan Ibadan da baƙaƙen fatar birnin Indiyanafolis a Amurka. Sakamakon 2001 ya nuna cewa duk shekara kashi 1.35 cikin 100 na tsofaffin Ibadan ne ke kamuwa, na Indiyanafolis kuwa kashi 3.24. Masu binciken sun lura cewa ciwon sukari da kitsen jini da cututtukan jijiyoyi sun fi yawa a wancan ɓangare. Wato abinci da yanayin zama suna da hannu a ciki. Wannan kuwa gargaɗi ne gare mu, domin zaman birni yana kawo mana waɗannan cututtuka har gida.

5. Abubuwa 14

Mujallar likitanci ta Lancet ta kafa kwamitin masana ƙarƙashin Farfesa Gill Livingston ta Landan. A rahotonsu na 2017 sun lissafa abubuwa 9 da ke ƙara haɗarin ciwon waɗanda kuma ake iya gyarawa. A 2020 suka zama 12, a 2024 suka zama 14. A ƙiyasinsu, da za a kawar da su duka, da an hana ko an jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na gigin tsufa a duniya.

A ƙuruciya abu ɗaya ne: ƙarancin karatu. A tsakiyar rayuwa akwai raunin ji, da yawan mugun kitse a jini wanda ake kira kolestarol, da ciwon damuwa, da buguwa a ka, da rashin motsa jiki, da ciwon sukari, da shan taba, da hawan jini, da ƙiba, da yawan shan giya. A tsufa akwai kaɗaici, da gurɓatacciyar iska, da ciwon idon da ba a yi wa magani ba.

A lura da abu biyu. Na farko, 10 daga cikin 14 na tsakiyar rayuwa ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na biyu, ragewa aka ce, ba a ce hanawa ba. Shekaru da gado suna da nasu rabo, kuma akwai wanda zai kiyaye kome amma ciwon ya same shi. Saboda haka ba a ɗora wa mai ciwo laifi.

6. Hawan jini

A ganina, a gari kamar Njamena da hawan jini ya kamata a fara, saboda awonsa minti biyar ne, maganinsa yana da sauƙin kuɗi, kuma an gwada an ga amfanin. A ƙasar Sin an ɗauki kusan mutum 34,000 masu hawan jini a ƙauyuka 326. A rabin ƙauyukan aka horar da ƙananan ma'aikatan lafiya, waɗanda ba cikakkun likitoci ba ne, su riƙa auna mutane, suna ba su magani, suna bin su har jinin ya sauka. Bayan shekara 4, gigin tsufa ya ragu da kashi 15 cikin 100 a waɗannan ƙauyuka idan aka kwatanta da sauran. An buga wannan a 2025. Abin da ma'aikacin ƙauye ya yi a can, ma'aikacin asibitin unguwa zai iya yi a Farsha ko Shagwa.

Matsalar hawan jini ita ce ba ya ciwo. Kusan rabin masu shi a duniya ba su san suna da shi ba. Idan awo ya nuna 140 bisa 90 ko fiye a ranaku biyu daban-daban, to, akwai shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sha magani wata ɗaya, a ji garau, a daina. Maganin hawan jini ba irin na zazzaɓi ba ne. Yana riƙe jinin ne muddin ana shan sa.

Sai kuma tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Miyarmu kuwa tana shan gishiri, tana shan dunƙulen magi, ga kuma kanwa, wadda a gefen Tafkin Cadi ake haƙo ta. Duk ukun sinadari ɗaya ne a cikinsu mai tayar da jini. Haka shayi: wanda ya san Njamena ya san ƙaramin kofin nan mai kauri da sukari, a sha da safe, a sha bayan azahar, a sha da dare. Ba sai an bar shayi ba, amma a rage sukarin. Motsa jiki kuma, abin da ake nema minti 150 ne a mako, wato tafiyar rabin awa da ɗan sauri sau biyar. Kakanninmu da ƙafa suka zo Cadi. Mu kuwa ko bakin titi za mu, sai mun tsayar da babur.

7. Kunne, ido, kai da iska

A lissafin kwamitin Lancet, raunin ji yana cikin abubuwa biyu mafiya nauyi. Dalili a fili yake. Wanda ba ya ji sosai yakan gaji da cewa “Na'am?”, sai ya yi shiru a majalisa, daga baya ya daina fitowa. Ƙwaƙwalwar da magana ba ta shiga cikinta tana yin sanyi. A nan kunne yana lalacewa ta hanyar ƙarar injin niƙa da janareta, da miki a kunnen yaro da aka bari yana zubar da ruwa, da sanƙarau. Wani lokaci ma dauɗar kunne ce kawai ta toshe shi, ma'aikacin lafiya ya wanke, tsoho ya dawo cikin hira.

Ido ma haka. Yanar ido ana cire ta da ƙaramin aiki. Wani bincike da aka yi a Amurka a kan tsofaffi fiye da 3,000, aka buga a 2021, ya nuna waɗanda aka cire wa yana haɗarinsu ya yi ƙasa da na waɗanda ba a cire wa ba da kusan kashi 30 cikin 100.

Buguwa a ka kuwa, babban tushenta a birni shi ne babur. Kilando, wato acaɓar Njamena, shi ne abin hawan talaka, kuma hular kwano ba ta da farin jini saboda zafi. Amma ƙwaƙwalwar da ta bugu a shekara 25 ita ce dai mutum zai tsufa da ita.

Iska ta fi wuyar sha'ani. Kamfanin IQAir, mai tattara awon iska, ya sa Cadi a kan gaba a duniya wajen gurɓatar iska a 2022 da 2024, da kusan ninki 18 na ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Mafi yawa ƙura ce da iskar hunturu ke kwasowa daga kwarin Bodele a arewacin ƙasar. Wannan ba a hannun kowa take ba. Abin da ke hannunmu shi ne hayaƙin gida: a yi girki a sarari maimakon cikin ɗaki rufe, a daina ƙona roba da shara a ƙofar gida, mai shan taba kuma ya bari.

8. Karatu, harshe da zumunci

Me ya haɗa karatun yaro da gigin tsoho? Masana suna kwatanta abin da ajiya. A ce gida biyu fari ya sama, ɗaya rumbunsa cike, ɗaya rabi. Farin ɗaya ne, amma mai cikakken rumbu zai daɗe yunwa ba ta shiga gidansa ba. Ƙwaƙwalwar da ta saba aiki tana da hanyoyi da yawa, in wata ta toshe sai ta bi wata. A Cadi manyan da suka iya karatu da rubutu ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba, kuma mata ne suka fi yawa a cikin waɗanda ba su samu ba. Yarinyar da aka bari ta gama makaranta, har tsufanta aka taimaka.

A nan Njamena tana da wata dukiya. Cadi tana da harsuna fiye da 100. Tun da aka kafa garin a 1900 da sunan Fort-Lamy, kafin a sauya masa suna a 1973, Hausawa fatake da maniyyata masu bin hanyar Makka ta ƙasa suke yada zango a nan, wasu su zauna ke nan. John Works ya rubuta littafi a kan waɗannan al'ummomi a 1976. Jikokinsu a yau suna Hausa a gida, Larabci a kasuwa, Faransanci a makaranta. A Haidarabad ta Indiya an duba masu gigin tsufa 648, aka buga sakamakon a 2013: masu harshe biyu ko fiye ciwon ya bayyana gare su kimanin shekara 4 da rabi bayan masu harshe ɗaya, har a cikin waɗanda ba su taɓa karatu ba. Wasu binciken ba su sami irin wannan tazara ba, don haka masana suna ta muhawara. Ko yaya ta kaya, koyon harshe aiki ne ga ƙwaƙwalwa, kuma gemu ba ya hana ilimi.

Ana yawan cewa mahaddacin Alƙur'ani ba ya ruɗewa. Tilawa ta kullum aiki ce babba ga ƙwaƙwalwa, zuwa jam'i sau biyar kuma ya haɗa tafiya da ganin jama'a. Duk da haka alaramma ma jijiyoyin jini gare shi, shi ma a auna shi.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. A wannan magana an haɗa rigakafi biyu, tafiya da mutane. A Finlan an gwada irin wannan haɗi a kan mutum 1,260 masu shekara 60 zuwa 77: gyaran abinci, motsa jiki, aikin ƙwaƙwalwa da lura da jini, har shekara 2. Sakamakon 2015 ya nuna sun fi abokan gwajinsu riƙe kaifin tunani. Mu muna da gidan gandu, da biki da suna, da majalisar ƙofar gida. Sai dai mu kula da wata al'ada tamu: da sunan girmamawa mukan karɓe wa tsoho kowane aiki, mu ce, “Baba, ku huta.” Hutun da ya raba mutum da kasuwarsa da gonarsa da abokansa ba gata ba ne.

9. Idan abin ya riga ya fara

Ko an ga alama, a je asibiti, domin akwai masu kama da gigin tsufa da ake warkarwa: ƙarancin bitamin B12, ciwon maƙoƙo, ciwon damuwa, ko magungunan da suka yi wa tsoho yawa. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu kuwa ba gigin tsufa ba ce. Sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko ƙarancin ruwa a jiki, musamman a watan Afrilu da zafin Njamena ke wuce digiri 40. Wannan na gaggawa ne.

Idan an tabbatar da ciwon, kada a yi musu da mai shi, kada a ɗaure shi, kada a bar yara su yi masa dariya. A sanar da maƙwabta don su mayar da shi gida in sun gan shi a hanya. A kuma riƙa karɓar mai jinya, wadda galibi 'ya ce ko suruka, don ita ma ta huta.

10. Kammalawa

A shekarunta na ƙarshe Larabci ya zube wa gwaggo, Barbarci ma haka, Hausa kaɗai ta rage. Haka yakan faru ga masu harsuna da yawa: harshen da aka fara da shi, shi ne yake saura. Jikokinta da suka tashi da Larabci sai suka koma neman mai fassara tsakaninsu da kakarsu. Da na je gaishe ta na ce, “Gwaggo, kin gane ni?” Ta ce, “Ina fa zan manta ka,” sannan ta kira ni da sunan mahaifina.

Ku ɗalibai, yawancinku za ku fita neman tatsuniyoyi da karin magana da tarihin unguwanni a bakin tsofaffi. Ku je da wuri, ku zauna, ku bar su su yi ta magana, domin hirar tana amfanar ku, tana amfanar su. In kun koma gida kuma, ku tambayi iyayenku yaushe rabonsu da awon jini. Idan an shekara ba a yi ba, ku raka su a wannan makon.